Yadda Yayana Ya Sami Abokan Barin Giya

Da wuya a sami zuriya a wannan ƙasa tamu wadda giya ba ta taɓa ba. In ba uba ba ne, kawu ne. In ba miji ba ne, ɗa ne, wani lokaci ma uwa ce. Dukanmu mun san abin da akan yi. A yi wa mutumin faɗa, a tara masa dangi, a kai maganarsa wurin pasto, a yi addu'a da azumi, a ɓoye masa kuɗi. Sa'ad da aka gama dukan waɗannan, shi kuwa yana nan yana sha, sai kowa ya yi shiru, ana jiran ranar da za a kawo mugun labari.

Ina so in ba masu karatu labarin wata hanya da yawancinmu ba mu sani ba, wato taron da mashaya suke yi su da kansu domin su taimaki juna su bar sha. Ta wurin yayana na san wannan taro. Ya yarda in rubuta, amma da sharaɗi kada in faɗi sunansa, ko sunan garinmu, ko na wani da muka gamu da shi a can. Nan gaba za ku ga dalilin wannan sharaɗi.

Yayana kafinta ne, ya girme ni da shekara bakwai. Da guminsa aka biya rabin kuɗin makarantata har na sami takardar koyarwa. Bencunan majami'armu da teburan makarantar da nake koyarwa, yawancinsu aikin hannunsa ne, har yau kuwa ba wanda ya kwance. Ya fara da burukutu ran kasuwa, kamar yadda samarin zamaninsu suke yi. Daga ran kasuwa ya koma kowace yamma. Da burukutu ta daina kama shi sai ya shiga ogogoro, daga baya kuma waɗannan 'yan ledoji masu araha da ake sakawa a aljihu. A ƙarshe sai da ta kai in bai sha da safe ba, hannunsa ba ya iya riƙe ƙusa a kan katako. Mutane su ba shi kafin alƙalami domin ƙofa ko gado, kuɗin su ƙare, aikin bai fito ba. Matarsa ta shiga tuyar ƙosai a bakin hanya don kada a kori yara daga makaranta. Dattawan ekklesiya suka yi ta jan kunnensa, da abin ya ƙi suka sa shi ƙarƙashin horo bisa ga ƙa'ida. Ran Lahadi sai ya zauna a benci na baya, wanda shi ya yi shi da hannunsa.

Kada mai karatu ya zaci bai so ya bari ba. Ya yi alkawari ba iyaka, a gaban mahaifiyarmu, a gaban pasto, da hawaye, na kuma tabbata da gaske yake yi a lokacin. Amma ku duba yadda giya take a wurinmu. Ba a shan ta a kaɗaice. Akwai gidan da ake zuwa, akwai benci, akwai ƙwarya mai zagawa, akwai hira da labarin gari. A can ne kaɗai ake ce masa Oga Kafinta, a matsa masa wuri. Ko'ina ban da can, duk mai yi masa magana yana bisansa ne: kawu, ko dattijo, ko wanda yake bin sa bashi. Ni kuwa ƙane ne, ƙane ba ya yi wa yayansa faɗa. In aka ce wa mutum irin wannan ya bar giya, an ce masa ya bar abokansa duka ke nan, ya zauna shi kaɗai daga la'asar har dare a gidan da kowa yake fushi da shi. Shi ya sa alkawarinsa ba ya wuce mako.

A ASIBITI

Wata damina, iyayen saurayin 'yarsa ta fari suka aiko cewa a dakata da maganar aure tukuna. Ba su faɗi dalili ba, amma kowa ya sani. Abin ya shige shi ƙwarai, sai ya rantse ya bari farat ɗaya. Kashegari jikinsa ya kama rawa, gumi yana ta zuba. A dare na uku ya fara ganin cinnaku suna bin bango, yana ihu a kore su, can sai ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Maƙwabta suka ce sammu ne. Muka ɗauke shi da daren nan zuwa asibiti.

Abin da likita ya gaya mana, ina roƙon kowane mai karatu ya riƙe shi. Mutumin da ya daɗe yana sha da yawa kowace rana, jikinsa ya riga ya saba, har ƙwaƙwalwarsa ta koyi aiki da giya a cikinta. In ya yanke ta gaba ɗaya, rawar jiki da gumi da rashin barci sukan fara cikin sa'a 6 zuwa 24, mafi tsananin kuma yakan zo a kwana na biyu ko na uku, da gane-gane da ruɗewa da jijjiga. Wannan yana iya kashe mutum. Saboda haka mashayi mai nauyi kada ya bari a ɗaka shi kaɗai, sai a hannun likita, wanda zai ba shi maganin kwantar da jiki yana rage shi a hankali, da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa.

Kwana tara ya yi a kwance. Ranar sallama likitan ya ce mana, "Fitar da giya daga jini aikin mako guda ne, mun gama namu. Abin da ya rage shi ne inda zai riƙa zama da yamma. Ku nema masa taron mashaya masu barin sha."

NEMAN TARON

Faɗa da sauƙi, amma a ina? Na tambayi pastonmu, bai taɓa jin irinsa ba. Na tambayi malamai 'yan'uwana, wani ya ce ya gani a fim ɗin Turawa. Na duba a waya, sai na ga tarurruka a Legas da Abuja, nesa da mu. Na kuma ga waɗanda ake yi ta intanet, muka gwada ɗaya da dare, amma Turancin Amurka ne, yayana bai kama ko rabinsa ba, kuɗin data kuma ya ƙare.

Matambayi ba ya ɓata. Ranar da muka koma ganin likita, sai na shiga sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na tambayi ma'aikatan jinya. Wata dattijuwa a cikinsu ta juya katin asibitin ta rubuta lambar waya a bayansa, ta ce mai lambar yakan zo duba marasa lafiya irin yayana. Da na kira, na fara bayani ke nan sai mutumin ya tare ni.

"Malam, kai kake so ya bari, ko shi yake so?"

Na ce, "Ina jin shi ma yana so."

Ya ce, "To, ba shi wayar."

Suka yi kusan rabin sa'a suna magana. Ban san abin da aka faɗa masa ba, na dai ji yana ta cewa, "Haka ne. Wallahi haka ne." Da ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, wannan mutumin ya san giya." Aka gaya masa ana taro kowace Asabar da ƙarfe huɗu a babban birnin jiharmu, tafiyar sa'a guda a mota, a wani aji a bayan wata majami'a wadda ba ta ɗarikarmu ba.

ASALIN WANNAN TARO

Kafin Asabar ta zo na nemi sanin ko su wane ne waɗannan mutane. Sunan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, a taƙaice AA, ma'anarsa mashaya waɗanda ba a bayyana sunansu. A Amurka ta fara. A watan Mayu na 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari daga Niyu Yok, Bill Wilson, ya je garin Akron a jihar Ohayo kan wata harka, harkar kuwa ta lalace. Wata biyar ke nan da ya bar giya. Yana tsaye a otal, yana jin dariyar masu sha daga ɗakin shan giya, sai ya gane in bai sami wani mashayi ya yi magana da shi ba, shi ma zai shiga. Ya kira wani limamin majami'a a waya, daga hannu zuwa hannu har aka haɗa shi da wani likita mai fiɗa, Bob Smith, wanda giya ta kusa ƙare masa aiki. Likitan ya yarda ya ba shi minti 15 kawai, sai ga su sun yi sa'o'i suna hira. Abin da ya kama zuciyar likitan shi ne, baƙon bai zo yi masa wa'azi ba, ya zo ne domin shi ma yana bukatar taimako. Ran 10 ga Yuni 1935 ake lissafta ranar kafa ƙungiyar, wato ranar da aka ɗauka likitan ya yi shansa na ƙarshe.

Su biyun suna zuwa wata zumuntar Kirista ta lokacin mai suna Oxford Group, daga can kuma suka ɗauko abubuwa da yawa, kamar furta laifi da biyan hakkin wanda aka cuta. A 1939 suka buga littafinsu, inda suka jera matakai 12 na barin sha. Yau ana ƙiyasta 'yan ƙungiyar sun kai wajen miliyan 2 a ƙasashe kusan 180. Ba a cika takarda, ba kuɗin shiga. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne tak: mutum ya kasance yana so ya bar sha.

ASABAR TA FARI

Taronsu iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda dangi da baƙi za su iya zama su ji, akwai kuma na mashaya zalla. Wannan Asabar buɗaɗɗe ne, shi ya sa aka bar ni na shiga. Da muka isa ƙofar, yayana ya wuce ta kamar bai gani ba, ya je har kwana ya dawo, ya sāke wucewa. Ya ce, "In na tarar da wanda ya san ni fa?" Na ce, "Yaya, in ya san ka, ai abin da ya kawo ka shi ya kawo shi." Ya yi shiru, sa'an nan ya shiga.

Mutum tara muka tarar, sun zagaya kujeru, ba na gaba ba na baya. Akwai tsohon soja, shi ne mai lambar wayar. Akwai wani saurayi da ya gama jami'a, akwai ma'aikacin gwamnati da rigarsa mai tsabta, akwai wani direba Musulmi, da wata mata wadda ta yi shekaru tana dafa burukutu tana sayarwa har ita ma ta kamu. Mai jagorar ranar ya karanta ƙa'idodi da Turanci, wani ya juya da Hausa. Kowa da sunansa na fari kaɗai ake kiransa. Abin da aka ji a ɗakin, da wanda aka gani, a ɗakin za a bar shi. In mutum yana magana ba mai katse shi, in ya gama kuma ba mai ce masa da ka yi kaza. Kowa labarin kansa yake bayarwa, wanda bai shirya ba kuwa yana iya yin shiru.

Suka fara bi da bi. Kowa ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne, har wanda ya shekara 12 bai sha ba. Tsohon sojan ya ba da labarin yadda yakan binne kwalba a cikin buhun gero, matarsa ta zo ɗiban tsaba ta ci karo da ita, ya rantse mata ɓarayi ne suka ajiye. Ɗakin duka ya fashe da dariya, sai na ji yayana ma yana dariya, gama shi a akwatin ƙusoshi yake ɓoye tasa. Rabona da jin dariyarsa ba giya a cikinsa, na manta. Bayan dariyar sojan ya ci gaba, ya faɗi yadda ya tashi wata safiya a bakin kwata bai san ɗansa ya kwana a asibiti ba. Ba wanda ya girgiza kai, ba wanda ya yi tsaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa duka ɗakinsu iri ɗaya ne.

Da aka zo kan yayana ya faɗi sunansa, ya ce, "Na zo in ji ne." Suka ce sannu da zuwa, aka wuce. Sa'a guda daidai aka rufe da gajeriyar addu'a. Aka zaga da wani kwano, mai abin sakawa ya saka domin kuɗin ɗaki da shayi, amma suka ce baƙo kada ya saka. Wajen shan shayi sojan ya jawo shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka yi mana alkawarin shekara, mu duka mun yi irinsa mun karya. Daga yanzu zuwa lokacin barci za ka iya?" Ya ce zai iya. Ya ce, "To, shi ke nan. Gobe in ka tashi ka sāke ɗaukar na gobe. In ƙishin ya taso, kira ni kafin ka sha, ko tsakar dare ne."

FAƊUWA DA TASHI

Asabar uku na raka shi, ta huɗu ya ce in zauna, zai tafi shi kaɗai. Kuɗin mota zuwa da dawowa ba kaɗan ba ne ga mai fama da bashi, amma da muka lissafta bai kai abin da yakan sha a kwana biyu ba. A al'adarsu sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya riga shi a hanya ya zama jagoransa, shi kuwa ya zaɓi sojan. Kowace yamma da ƙarfe huɗu, lokacin da ƙafarsa ta saba kama hanyar gidan burukutu, sai ya kira shi su yi hira minti biyar. Ya canza hanyar dawowa daga shago. Ya riƙa miƙa wa matarsa kuɗin aiki tun da rana.

Wata huɗu yana lafiya. Da Kirsimati ta zo, aka yi biki a ƙauyen kakanninmu, tsofaffin abokai suka ce ƙwarya ɗaya ba ta kisa. Kwana uku ya yi bai san inda kansa yake ba. Matarsa ta ce, "Ai na faɗa." Ran Asabar ya ƙi tashi, ya ce ba shi da idon da zai dubi mutanen nan. Da azahar sai ga sojan ya shigo mota tun daga birni, ya zauna a shagon a kan guntun katako. Ya ce masa shi ma sau biyu ya faɗi kafin ya tsaya, kuma ranar da mutum ya fi jin kunyar zuwa ita ce ranar da ya fi bukatar zuwa. Suka biya ta asibiti likita ya duba shi, suka wuce taro. Da bakinsa ya faɗa musu abin da ya faru. Suka ce sun ji daɗi da ya dawo, ya zauna a kujerarsa ta kullum, ya fara ƙirga kwanaki daga ɗaya.

Ban faɗi wannan domin in soki horon ekklesiya ba, gama horo yana da wurinsa, dattawanmu kuma da ƙauna suka yi shi. Amma mashayi yana bukatar wuri guda a duniya inda zai faɗi gaskiya ran da ya faɗi, ba tare da tsoron za a rage masa daraja ba. In ba shi da irin wannan wuri, ƙarya zai yi, ƙarya kuwa ita ce abincin wannan ciwo.

TAMBAYOYIN DA AKE YI MINI

Waɗansu sukan ce, taron da ba a faɗin suna, ba ƙungiyar asiri ba ce? A'a. Littattafansu a fili suke, buɗaɗɗen taro kuma kowa yana iya zuwa ya gani. Ana rufe sunaye ne domin malami ko ma'aikaci ko matar aure su iya zuwa ba tare da labari ya riga su isa gida ba.

Waɗansu kuma sukan ce, addu'a ba ta isa ba? Ni dai na ga amsar addu'ar mahaifiyarmu ta shekara 20, ta zo ta hannun likita da ma'aikaciyar jinya da tsohon soja. Taron ba majami'a ba ne, ba ya kuma neman ya maye gurbinta. Suna koya wa mutum ya yarda shi kaɗai ba zai iya ba, ya nemi taimakon Allah, amma ba su shiga maganar ɗarika ko addini, kowa yana riƙe da nasa. Yayana ya fi zuwa sujada yanzu fiye da dā.

Akwai masu cewa in an kira shaye-shaye ciwo, an ba mashayi hujja ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafta shi cikin cututtuka, a rahotonta na 2024 kuma ta ce giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, mutum wajen miliyan 209 kuma suna cikin ƙangin ta. Amma ban ga inda aka fi matsa wa mutum ya ɗauki alhakin aikinsa kamar a taron nan ba. Cikin matakan akwai inda mutum zai rubuta sunayen duk waɗanda ya cuta, ya je ya gyara abin da zai gyaru. Yayana ya rubuta mutum 14. Wata gwauruwa da ta ba shi kuɗin ƙofa shekara huɗu da suka wuce, ya yi mata ƙofar ya kai ya kafa da kansa. Ya durƙusa a gaban matarsa ya roƙi gafara. Ta ce, "Na ji. Zan gani." Jagoransa ya ce masa amsar ta yi daidai, shekara 20 ba ta gyaruwa da magana ɗaya.

To, yana aiki kuwa? A 2020 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum 10,565. Suka tarar cewa cikin waɗanda aka bi da su ta tsarin da ke kai mutum ga wannan taro, kashi 42 cikin 100 ba su sha ko kaɗan ba har shekara guda, a kan kashi 35 na waɗanda aka bi da su ta waɗansu hanyoyin shawara. Kun ga ba kowa yake tsayawa ba, amma hanya ce mai amfani, ga ta kuma kyauta. Likitoci suna da magungunan rage ƙishin giya, ana iya haɗa su da zuwa taro, ɗaya ba ya hana ɗaya.

MATAN GIDA DA TARON GARINMU

Iyalin mashayi su ma sun sha wuya, suna kuma bukatar nasu wurin. Tun 1951 matar Bill Wilson, Lois, tare da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon domin dangin mashaya. A wurinmu babu reshenta, amma matar yayana da waɗansu mata biyu sukan zauna a gindin mangwaro sa'ad da mazansu suke ciki. Ta gaya wa matata cewa a can ta fara yarda ba ita ta sa shi sha ba, kuma sansana bakinsa kowane dare ba zai hana shi ba.

Bayan shekara guda, mutum biyu daga garinmu suka fara bin sa zuwa birni. Sojan ya ce musu mashaya biyu ko uku da suka taru domin barin sha sun isa taro, me zai hana su buɗe nasu. Suka roƙi aji ɗaya a makarantarmu ran Laraba da yamma. Hedimasta da kwamitin makaranta suka yarda, suka ce kyauta ne, amma suka ƙi, suka ce ƙa'idarsu ce su ɗauki nauyin kansu, saboda haka suna biyan ɗan abin da suka iya kowane wata. Aikina a ciki shi ne mabuɗi. In buɗe da ƙarfe huɗu in tafi, in dawo da ƙarfe biyar da rabi in rufe. Yanzu su bakwai ne. Ban san abin da suke faɗa ba, in kuma na gamu da ɗayansu a kasuwa, gaisuwa kawai muke yi.

GA MAI NEMA

In kana neman irin wannan taro domin kanka ko domin wani naka, fara daga asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri, da na Kware kusa da Sakkwato, suna karɓar masu fama da giya, haka kuma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Ka tambayi ma'aikatan jinya, gama su suka fi sanin waɗanda suke zuwa duba marasa lafiya. Ka tambayi pastoci da limaman manyan majami'un birni ko akwai masu aron ɗaki a wurinsu. Ka rubuta sunan ƙungiyar a waya tare da sunan birnin da ya fi kusa da kai. Mai jin Turanci yana iya shiga na intanet, waɗanda suka yawaita tun lokacin annobar korona a 2020. Kafin ka kashe kuɗin mota, ka kira ka tabbatar da rana da wuri. Kada ka yanke hukunci da zuwa ɗaya, ka je sau biyar ko shida tukuna. In kuwa wani ya nemi kuɗi mai yawa, ko ya ce zai kulle ɗan'uwanka ya sa masa mari, ka sani wannan wani abu ne dabam, ka janye.

Ku dangi, kuna iya nemo lamba, ku biya kuɗin mota, ku raka shi har ƙofa. Shigar kuwa tasa ce. Ku dattawan ekklesiya, in waɗansu suka zo neman aron ɗaki domin wannan, ku ba su, kada kuma ku tsaya a taga kuna duba wanda ya shiga.

Yayana ya shekara biyu da wata huɗu ke nan bai sha ba. An ɗauke masa horo, an ɗaura auren 'yarsa, bashi saura na mutum uku. Har yanzu ba ya cewa ya warke, yakan ce yau dai bai sha ba. Ran Laraba shi ne yakan fara isowa ya jera kujeru, kuma lambarsa ce yanzu ma'aikaciyar jinyar nan take rubuta wa mutanen yankinmu a bayan kati.

Kai kuma ɗan'uwa da kake karanta wannan a ɓoye, kwalba tana cikin aljihunka, akwai waɗanda suka san abin da kake ji da ƙarfe huɗu na yamma, ba kuwa za su yi mamakin komai da za ka faɗa ba. Ka je wurin likita tukuna, sa'an nan ka neme su. Ubangiji ya ba ka ƙarfin yau.